Yarinyar da Ta Leƙa Ƙarƙashin Rumbu

Kakata Tumba ba ta yin tatsuniya da rana. Ko ka yi kuka, ko ka yi birgima a tsakar gida, amsarta ɗaya ce: "Mai tatsuniya da rana ɓacewa shika yi cikin kasuwa. So kuke in ɓace kasuwar Moriki ku rasa mai ba ku ƙanzo?" Sai an kwashe tuwo, maza sun tafi sallar Isha'i, sannan ta jawo 'yar kujerarta gaban murhu, ta tura guntun itace cikin garwashi, ta binne gyaɗa a toka mai zafi. Mu kuma mu kewaye ta, kowa ya miƙe ƙafa wajen ɗumi, ido na kan gyaɗar, kunne na wajen Kaka.

A ƙauyenmu ne, can gefen Zurmi, tun ana ce mana mutanen jihar Sakkwato. Jikoki muna da yawa, amma wanda ba ya bari a riga shi zama kusa da ita shi ne Yaya Lawali, ɗan wan babana. Kaka kan ce masa, "Matsa mini, maigidana marar ko akuya, ka danne mini zane." Ya yi dariya ya ƙara matsowa. Ku riƙe sunansa, don saboda shi nake wannan magana, kuma raina a ɓace yake.

Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran mata ke yi. Cewa take, "Baƙuwa ta yi sallama." Mu amsa, "A shimfiɗa mata tabarma." Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta yarinyar rumbu.

Wani manomi ne ya cika rumbunsa da gero. Yana da 'yar ƙaramar ɗiya, gajera, tsawonta bai wuce duwatsun da aka ɗora rumbun a kai ba. Manya in sun wuce sama suke kallo, su ga sabuwar jinka su ce masha Allah. Ita kuwa ƙasa take gani. Wata rana ta bi kazarta ƙarƙashin rumbun, sai ta ga gara ta gina hanyarta ta jar ƙasa, ta hau, ta shige cikin hatsi. Ta ruga zaure inda uban ke zaune da manyan baƙi, ta ce, "Baba, gara na cin geronmu." Uban ya ji kunya a faɗi haka gaban mutane, ya daka mata tsawa. Ta je wajen uwa, uwa ta ce ta rufe baki. Ta je wajen wanta, ya ranƙwashe ta.

A nan Kaka kan tsaya, ta tono gyaɗa ɗaya ta ɓare a hankali, mu duk mun ƙagu. Sannan ta ce, "To ku gaya mini, ta yi shiru?"

Mu ce, "A'a!"

Yarinya ta jawo dutse ta taka, ta ɗauki taɓaryar da ta fi ta tsawo, ta dinga dukan turmi ba komai a ciki, tana waƙa:

Baba duba ƙasa,
Rumbu ya yi baƙi, ba su yi sallama ba.

Mu kuma amshinmu shi ne, "Duba ƙasa!" Wallahi har yau in na rufe ido muryar Yaya Lawali nake ji sama da ta kowa, yana dukan gwiwarsa, jijiyar wuyansa a tashe, har karen maƙwabta ya kama haushi.

A tatsuniyar, matan maƙwabta suka ji, suka ɗauki waƙar a turamensu, ta cika gari. Tsohon cikin baƙin ya gaji ya ce, "Maigida, tashi mu duba ƙasan nan ko mun huta." Suka duƙa, suka gani. Aka kwashe geron aka shanya, kaɗan kawai gara ta ci. Kaka kan ce, "Uban bai ba ta haƙuri ba, ba su iya wannan ba. Amma ranar kasuwa ya sawo mata 'yan kunne." Sai ta nuna mu ɗaya bayan ɗaya da tsinken wuta. "Allah ya yi yaro gajere don shi ga abin da ke ƙasa. In kunka gani, ku faɗi. In anka buge bakin, ku faɗi da waƙa." Ta kakkaɓe zanenta ta ce baƙuwa ta tafi, wanda ya tsinci abin da ta yar nashi ne.

Kaka ta rasu shekarar da aka ba mu jiharmu. Ni a lokacin ina ɗakina a Kaura Namoda, da goyon 'yar farina, wadda muke kira Uwani saboda sunan uwar mijina gare ta. Yaya Lawali ya yi karatu mai nisa, ya samu aiki a Gusau. Ni aji uku na tsaya. Ina haɗa baƙi, amma a hankali, da yatsa.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a, littattafai suka yi yawa. Baban Uwani yana kai albasa kasuwar Shinkafi, shi yake ba ni labarin masu shimfiɗa su a tabarma: na addini, na soyayya, na mutanen da suka rubuta tarihin rayuwarsu, na nasiha ga matan aure, duk sababbi, suna ƙamshin takarda. Wata rana ya dawo bakinsa har kunne, ya miƙo mini wani ɗan siriri mai koren bango. An zana rumbu da yarinya a jiki, ga sunan Yaya Lawali a ƙasa. Na yi guɗa. Na bi shafin farko da yatsa ina neman sunan Tumba, ban gani ba, na ce ƙila yana can ciki. Na karanta har inda yarinya ta bi kaza, ƙaramin ɗana Nura ya farka, na ajiye. Me zan yi da ƙarshe? Ai na san ƙarshe.

Uwani ta ƙwallafa rai a kan littafin. Uban ya karanta mata bayan la'asar, ta sa ya sake, ya sake, har ta haddace. Ni ina can wajen murhu, farkon kawai ke iso mini. Kuma kun san yadda muke: uwa ba ta zama hira da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Tatsuniya aikin kaka ne. Kakanninta mata kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Sai littafin ya zame mata kaka, ni kuma ina murna, ina cewa Tumba ce ta dawo.

Ranar da abin ya faru, maƙwabciyata ce naƙuda ta kama da hantsi. Na bar Nura yana barci, na ce wa Uwani ta kula da shi. Uban yana zaure da dattawan garinsu da suka zo daga Badarawa. Nura ya farka, ya rarrafa bayan ƙofa inda na ajiye kananzir a kwalbar lemo, ya kafa kai. Uwani ta gani da idonta. Ta fizge kwalbar, ta ga yana tari yana kakari, ta ruga zaure.

Ta isa bakin zaure ta durƙusa. Ta yi shiru.

Tana nan durƙushe, hawaye na zuba, dattawa na ta zancen gona da taki. Sai da wani tsoho ya juya zai zubar da yawun goro ya gan ta. "Wagga ɗiya lafiya?" Sannan ta buɗe baki, can ƙasa, ta ce, "Nura ya sha kananzir."

Ko da aka kira ni, numfashinsa kamar ana busa kara. Ba zan iya ba da labarin kwanakin asibiti ba. Likita ya ce abin ya taɓa huhu. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma har yau in ya yi tari da dare sai na tashi zaune na sa kunne a ƙirjinsa.

A barandar asibitin ne uban ya tambaye ta, da lallashi, don shi ba mai faɗa ba ne: "Uwani, wa ya hana ki magana? Na taɓa bugunki?"

Ta ce, "Littafin Kawu ya ce ɗiyar da ta yi magana gaban baƙi ita ta kashe gidansu."

Na ce ya ɗauko littafin daga gida ya karanta mini ƙarshe. Jama'a, ba waƙa. Ba turmi, ba taɓarya, ba tsohon da ya ce a duba ƙasa. Yaya Lawali ya rubuta cewa da yarinyar ta tona asirin gida gaban baƙi, albarka ta fita daga rumbun, ya rushe cikin dare, suka shekara da yunwa. A ƙasa, da manyan haruffa, an sa darasi: ɗiyar kirki ba ta magana gaban manya sai an tambaye ta. Garar ma bai ba ta laifi ba! Yarinyar ya ba.

Daga ranar Uwani ta ƙara ƙulle bakinta. Ta yi magana laifi, ta yi shiru laifi, sai ta daina duka. Ko ruwa take so, sai ta tsaya ta kalli randa.

Bayan an sallame mu Yaya Lawali ya zo dubiya, da ledar lemu da farar shadda. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Na gaishe shi yadda ya kamata, na kawo ruwa, sannan na ajiye littafin gabansa.

"Yaya, ina waƙar?"

Ya yi murmushi. "Ke dai ba ki canza ba. Ai yanzu wani zamani muke ciki. Littafin yara sai da tarbiyya. Waƙa da kiɗan turmi, da ɗiya tana ja da ubanta, wa zai sai wa ɗansa wannan yanzu? Gyara na yi."

"Gyara? Kai ne fa mai amshi har kare shi yi haushi."

"Ƙuruciya ce."

"Yaya, ranar da aka ƙaddamar da Shari'a ni ma na yi murna, har sadakar ƙosai na yi. Kar ka ɗora wa Shari'a laifin. Wane malami ya ce a bar gara ta ci hatsi don akwai baƙi? Tsoro ka ji kar a ƙi littafinka. In tsoro ka ji, da ka ƙirƙiri taka tatsuniyar. Ka ɗauki ta Kaka, ka cire sunanta, ka yanke mata harshe, ka aiko mini da ita cikin gida."

Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, tatsuniya ba ta sa yaro shan kananzir. Gaskiya ne, ni na ajiye kwalbar. Amma ba ni na durƙusar da ɗiyata a bakin zaure ba.

Rana tana tsaka. Na mirgino turmi, na ɗauki taɓarya. Na yi abin da ban taɓa yi ba: na kira 'yar farina da bakina, na zaunar da ita gabana.

"Baƙuwa ta yi sallama," na ce.

Yaya Lawali ya ɗago. "Da rana? Kin manta abin da Kaka ke cewa?"

"Kai ka fara yin ta da rana. Kuma ga shi ka ɓace a kasuwa."

Na ba da ita tun daga kaza har tsawar uba. Na tsaya inda Kaka ke tsayawa, na tambayi Uwani, "Ta yi shiru?" Ta dubi kawunta, ta dubi littafin. Na ce, "Ba ta yi ba." Na doki turmi ba komai a ciki, na ɗaga murya. Na kai wajen amshi, tsakar gida tsit. Na sake. Na ga leɓen Yaya Lawali yana motsi, amma ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro. Na sake dukan turmin har tafin hannuna ya yi zafi. Sai na ji wata 'yar murya a shaƙe, kamar ta ɗan tsako:

"Duba ƙasa."

Na ce, "Ban ji ba."

"Duba ƙasa!"

Da ina yarinya, na ɗauka Kaka wasa take ba mu, abin tafi da cin gyaɗa. Sai da na ga ɗana a gadon asibiti na gane tsohuwar nan gadi take ɗorawa a gida. Ta san manya sama suke kallo, shi ya sa take sa mu yi ihun amshin nan har ya zauna mana a maƙogwaro.

Littafin yana nan a kasuwa, an ce har wasu makarantu sun saya. Wannan shi ke hana ni sukuni: ban san gida nawa ya shiga ba, ban san ɗiya nawa ke durƙushe a bakin zaure yanzu haka ba. Ni ba ni da injin buga littafi. Turmi gare ni. Kullum in zan yi dakan fura sai na ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga, kuma 'ya'yan maƙwabta sun fara amsawa.

Shekaranjiya Uwani ta faɗa zaure a guje, uban na tare da abokan cinikinsa, ta ce da ƙarfi akuya na cin igiyar buhunansa. Na ji mazan sun kwashe da dariya. Ya shigo yana cewa, "Wannan ɗiya taki ta fara baki." Na ce masa ranar kasuwa ya sawo mata 'yan kunne.