Ranar da Muka Aika Mota Aka Ɗauko Masu Lallasa Mu

Ko na bar aiki ba zan manta da ranar wasanmu na ƙarshe ba, a shekarar da aka naɗa ni kocin ƙwallon ƙafa na kwalejin nan. Ku da kuka zo daga baya kuna jin ana tsokanata da "Koci" ba ku san mafarin ba, to ga shi.

A lokacin ni ne sirbeyan, wato mai lura da shigar ɗalibai da fitarsu da tarbiyyarsu. Mai makarantar, Alhaji Garba, ɗan kasuwa ne, tun zamanin Faransawa gidansu ke saye da sayarwa a garin nan. Ya lura duk kwalejin da ta ci kofi ana ambaton ta a rediyo, sai ya kira ni ofis.

"Malam Idi, an ce kana son ƙwallo."

"Ina kallo a talabijin, ranka ya daɗe."

"To, kalas, magana ta ƙare. Daga yau kai ne koci."

Iyakar jarrabawar ɗaukar aikin ke nan.

A gasar kwalejoji kowace ƙungiya tana karawa da sauran, gida da waje. Nasara maki uku ce, kunnen doki maki ɗaya. Mu dai ba mu taɓa wahalar da kanmu da wannan lissafin ba. A filinmu na unguwar Paris-Congo an ci mu, mun je unguwar Atrone an ci mu a cikin yashi. Golanmu yaro ne mai ladabi, yana ganin ƙwallo sarai, sai dai bayan ta wuce shi. Alhaji ya ce matsalar tsofaffin riguna ce, ya sa aka kawo sababbi, muka ci gaba da shan kashi cikin tsabta. Daga nan ya kawo mana ɗan wani abokinsa da bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba, wai a Kano kowa ya san shi a harkar ƙwallo. Da gaske ne. Rigunan ƙwallo yake sayarwa.

Amma kada ku ɗauka yaran malalata ne. Wasu daga aji sai shagon iyayensu, wasu su hau kilando, wato babur ɗin haya, su yi ta jigilar fasinja, duk da haka da la'asar za ka same su a fili. Kyaftin ɗinsu, Abakar, ya taɓa gaya mini in ba don ƙungiyar ba da tuni ya bar karatu ya koma babur ɗinsa. Shi ya sa hankalina ya tashi da Alhaji ya ce in muka ƙare kakar babu nasara ko ɗaya zai rushe ƙungiyar.

Wasan ƙarshe a gidanmu ne, da wata kwaleji daga unguwar Walia da ke hayin kogi. Su ne na biyun ƙarshe a tebur, mu kaɗai suka taɓa ci. Alhaji ya ga dama ta samu. Ya kafa rumfa, ya jera kujeru, ya gayyato manyan 'yan kasuwa abokansa, ya sa aka gasa rago.

Lokacin wasa ya yi, babu mutanen Walia. Sai labari ya zo cewa motarsu ta mutu tun kafin su hau gada. A ƙa'ida, in ƙungiya ta makara fiye da minti goma sha biyar, alƙalin wasa zai busa forfe, wato a ba wadda ta zo nasara ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Alƙalin ya matso kusa da ni ya ce, "Koci, ka shirya, yau dai ranarka ce." Ban taɓa ƙaunar agogo kamar ranar ba.

Na tafi rumfa da saurina na durƙusa kusa da Alhaji na yi masa albishir. Ya dube ni.

"Wato a ci ba a buga ba?"

"Haka dokar take, ranka ya daɗe. Maki uku ne cif."

"Na tara mutanen nan su kalli fili babu kowa? Gobe a kasuwa a ce Garba ya ci wasa da lalatacciyar mota?"

"Ranka ya daɗe, ƙungiyar fa..."

"Ku da za ku ci su, tsoron me kake ji?"

Nan take ya kira direban motarsa ta ɗaukar kaya ya ce ya haye Walia ya kwaso su. Alƙalin ya ce in masu gida sun yarda a jira, shi ba shi da ta cewa, amma sai koci ya furta da bakinsa. Na furta.

Suka iso a bayan mota, zaune a kan buhunan sukari. Alhaji ya sa aka ba su ruwan sanyi, aka bar su suka huta. Na tara yarana ban san me zan ce musu ba. Abakar ne ya ce, "Koci, bar shi. Gara a buga. Da an ba mu a banza, har mu gama makarantar nan ana yi mana dariya."

Ban taɓa ganin sun yi wasa kamar na ranar ba. Ba a daɗe da farawa ba Abakar ya yanke mutum biyu ya zura ƙwallo, ta farko da muka ci a duk kakar. Rumfa ta kaure, Alhaji ya miƙe har hularsa ta faɗi. Abakar ya ruga ya rungume ni. Daga nan ruwan sanyin ya fara aiki a jikin baƙi. Suka rama, suka ƙara, suka sake ƙarawa. Ana cikin zagaye na biyu na daina ƙirgawa. Da aka tashi suka ci rabin ragon, aka mayar da su gida a motarmu.

Bayan 'yan kwanaki masu shirya gasar suka karrama Alhaji da lambar yabo ta dattaku a wasa, aka yi ta faɗin sunan kwalejin a rediyo. Makarantar da ke da irin wannan lamba ba ta zama babu ƙungiya, don haka ba a rushe ta ba, Abakar kuma ya zauna ya gama karatunsa. Ni kuwa aka sake kirana ofis.

"Malam Idi, na duba sakamakonka. Ko wasa ɗaya ba ka ci ba."

"Saura ƙiris in ci ɗaya, ranka ya daɗe."

"Saura ƙiris ba ci ba ne. Ka koma bakin ƙofarka."

Abin da na koya, ku ma ku riƙe shi: a aikin nan yabo sama yake hawa, laifi kuma ya gangaro har sai ya sami wanda ba shi da na ƙasa da shi. In ya iso kanka, duba ka ga ko ɗaliban sun tsira da abinsu. In sun tsira, karɓi laifin ka koma bakin aikinka.