Taku Bakwai Gabas da Ɗorawa

Ni ban yi boko mai nisa ba. A aji huɗu na tsaya, don haka mai neman zance mai ado ya nemi wani. Abin da na gani shi zan faɗa.

Ƙauyenmu yana bayan duwatsun nan na gefen Abuja, tun Abuja ba ta san kanta ba. Gidajen Hausawa ba su da yawa, sauran duk Gwarawa ne, maƙwabtan kirki, manoman doya. Kakata ta wajen uba, Iya Dudu, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. In an yi magariba an ci tuwo, ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta tura guntayen doya cikin toka, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, mu jikoki mu kewaye ta. Har yau in na ji ƙaurin doya a bakin titi sai in tuna da ita.

Ni take kira maigidanta, irin wasan kaka da jika.

"Matso nan, maigida," in ji ta. "Miji ba cefane, sai cika baki da cin doya."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita sai ta kalli ƙofa kamar wani zai shigo, ta ce, "Ga ta can tafe, wa zai tare ta?"

Mu ce, "A bar ta ta iso!"

Ta yi mana da yawa, na manta mafi yawansu. Ɗaya ce ta ƙi barina.

Wai wani falke ne yake tafiya da tsohuwar uwarsa a kan jaki. A tsakiyar wani fili, ba gida gaba ba gida baya, ajali ya cim mata. Shi kaɗai ya haƙa, ya sallace ta, ya rufe. Da ya gama sai ya duba abin da zai riƙe alama, ba bishiya, ba dutse, ba ko suri. Ya ɗaga kai, sai ga wani gajimare tsaye daidai kan kabarin, ya yi masa inuwa. Falke ya ce, "Madalla, ga alamata." Ya kora jakinsa ya wuce.

Shekara ta kewayo, ya dawo ziyara. Ya ɗaga kai, sama fes. Sai ya shiga bin gajimare. Duk wanda ya hango ya bi shi da gudu, kafin ya iso ya gusa. Jaki ya mutu, takalmi ya tsinke, ƙafa ta fashe. Ran da ya gaji ya zauna ya daki ƙasa da hannu, ya ce, "Ke ƙasa, kin karɓi uwata kin ɓoye!"

A nan Iya takan sauke murya, har sai mun matso. Ta ce ƙasa ta amsa masa, "Ni ban taɓa ɓatar da ajiya ba. Tana nan inda ka sa ta, kai ne ka ɓata. Yi addu'arka a inda kake zaune, ai jikina duk ɗaya ne."

Mu dai dariya muka yi ta yi. Na ce, "Iya, wannan ai wawa ne. Ni da dutse zan sa."

Ba ta yi dariya ba. Ta tono doya daga toka, tana busawa, ta ce, "Dutse ma gajimare ne, maigida. Tafiyarsa ce ba ta da sauri." Sannan ta rufe yadda ta saba: "Ta ƙare a nan, doya ta nuna, mai ƙarya ya ci ɓawo."

Sai da na yi aure har da 'ya'ya biyu sannan Allah ya karɓi abinsa, Iya ta rasu. Muka kai ta maƙabartarmu ta bayan gari. Mu ba ma rubuta suna a kabari, ba ma gina shi. Fasasshen tulu aka kifa, shi ke nan, damina biyu ta shafe shi. Amma ni na ɗauka na fi falke wayo. Akwai wata babbar ɗorawa a wurin, wadda kakan kakanmu ya tarar. Na jingina bayana da ita, na fuskanci gabas, na ƙirga. Taku bakwai. Na ce wannan alamar ba iskar da za ta kore ta.

Da soja suka koma bariki farar hula suka hau, kuɗi ya malalo Abuja kamar an fasa madatsa. Wata safiya muka ga mutane da abin awo mai ƙafa uku. Bayan su masu jan fenti suka zo suka shafa wa bangayenmu. Bayan su kuma katafila. Muka watse, wasu Masaka, wasu Jikwoyi, ni na samu ɗaki a Mpape kusa da masu fasa dutse. Aka ce za a kula da maƙabarta. An dai ce.

Filin golf aka yi a wurin, wasan nan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Aka baje gidaje da gonaki da komai, aka shuka ciyawar da ko akuya ba a yarda ta ci ba. Amma manyan bishiyoyi an bar su don ado, har da ɗorawata. Shi ya sa na nemi aikin ban ruwa a can. Mutane suna cewa wai ni Sale na je yi wa waɗanda suka kore ni bauta. Na bar su da bakinsu.

Ranar Asabar manyan ma'aikatan gwamnati suke cika wurin, da farar riga da hular rana, suna bin ƙwallo kamar ƙwan kaza daga rami zuwa rami. Matansu da yaransu a kai su tafkin da aka tare daga rafinmu, su shiga kwalekwale. Wasu su hau dutsen da muke shanya barkono, su ɗauki hoto. Na sha jin suna cewa, "Kai, iskar nan kamar a ƙauye!" 

Ni kuwa kullum da sassafe, kafin su iso, nakan je gindin ɗorawa in cire takalman roba, in ƙirga bakwai, in yi mata sallama da addu'a. Shekaru ina haka, ba wanda na gaya wa. Tsoro nake kada a ce na kawo fitina a sallame ni. Wannan shirun shi ne laifina, ba na ɗora wa kowa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni mako uku a Mpape. Ran da na koma, na doshi wurin, ba ɗorawa. Ba ko kututture. An tuge ta, an zuba ƙasa an yi ɗan tudu, an shimfiɗa sabuwar ciyawa kamar tabarma, tun daga nan har gangaren tafki.

Na nufi ogan lambu, wani mutumin kudu da ya koyi Hausa a kasuwa. 

"Oga, ina bishiyar?"

"Ah, Baba Sale, ka warke? Bishiya ɗin ya tare wa mambobi hanya. Ƙwallo yana buga shi kullum. Kwamiti ya ce a cire."

"Kakata na kwance a nan."

Ya cire hularsa. Wallahi sai da ya cire. Ya ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Zo ka nuna mini. Zan sa a kewaye shi yau yau."

Ya ɗauko turaku huɗu da igiya da hannunsa, ya biyo ni. Muka hau tudun. Na tsaya nan, na ce a'a. Na matsa can, na fuskanci gabas, na fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Sai na tsaya. Bakwai daga ina? Ya yi ta jirana da turaku a hannu har rana ta ɗaga, wani Alhaji ya ɗaga murya daga nesa, "Malam, a ɗan kauce mana, za mu buga!"

Muka kauce.

Ba zan ce na yafe ba, ban kai wannan matsayi ba. Na daɗe ina ganin Iya ta yi mana tatsuniyar nan ne don mu yi wa wawa dariya, mu koyi sa alama mai ƙarfi. Ashe ba alamar take nufi ba. Ta san duk abin da ɗan Adam zai jingina da shi tafiya yake yi, ƙauye ne, bishiya ce, ko mutum. Amsar ƙasa ita ce guzurin da ta ɗaure mini, ni kuwa ina can ina cin doya.

Yanzu tun daga bakin tudun nake cire takalmi. Abokan aiki suna cewa zazzaɓin ya taɓa mini kai. Ina jan tiyo ƙafa ba takalmi, in shayar da wurin gaba ɗaya, tun daga sama har gangare, ban san ta inda nake wuce ta ba. In na gaji sai in tsuguna duk inda na samu kaina, in dafa ciyawa da tafin hannu, in yi mata addu'a. Sannan in ce, "Iya, maigidanki ne. Wawan nan ya iso."