Saƙon Mutane Ya Cinye Kayan Ɗakin Zulai

Wata rana wani bawan Allah, Malam Tanimu, ya ɗaura ƴar ƙaramar tirela a bayan motarsa zai kai kayan ɗakin ƴarsa Zulai daga Kaduna zuwa Malumfashi.

Gado, katifa, kujeru, kwanuka. Shekara da shekaru shi da uwarta suna tarawa.

Ka san halinmu. Da an ji mota za ta gida, kowa sai ya tuna yana da saƙo.

Wannan ya kawo buhun masara, wancan siminti. Wata har da injin markaɗe, wai "ɗan saƙo ne, ba nauyi."

Malam Tanimu mutum ne mai kunya, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Tirela ta durƙusa, shi kuwa yana ta "ba komai, ba komai."

Ga shi rabon da a sa wa boris ɗin tayar giris, shi kansa ba zai tuna ba.

Yana wuce Zariya ya fara jin gurnani daga baya. Ya ce hanya ce.

Ashe boris ne ke cin kansa. Nauyi ya danne shi, ba maiƙo, ƙarfe na gugar ƙarfe har ya yi jajir.

Sai gani ya yi wani direban tanka yana ta hon yana nuna masa baya. Ya leƙa madubi.

Innalillahi! Hayaƙi!

Kafin ya taka birki taya ta kama, wuta ta lashi katifa. Jama'a suka yi ta watsa ƙasa, ina! Da ƙyar aka kwance motar.

Direban tankar ya dubi abin da ya rage, ya riƙe baki.

"Malam, wa ya yi wa wannan ƴar tirelar lodin babbar mota?"

"Mutane ne, na ji nauyinsu."

"To yanzu suna ina?"

Wallahi jikina ya yi sanyi da aka ba ni labarin.

Malam Tanimu na tsaye kan toka wayarsa ta yi ƙara. Zulai ce, muryarta cike da murna.

"Baba, kun kusa? Masu jere sun share ɗaki, ku kawai ake jira."

Dattijon nan ya zauna a gefen titi ya fashe da kuka.

Darasi: Komai yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, ƙarfe ma, balle kai. Ka duba giris kafin tafiya, in ka ji baƙuwar ƙara ka tsaya, kuma ka koyi cewa "yi haƙuri, ba wuri."

Tura wa wannan ɗan'uwan naka da bai iya cewa a'a ba.