Kanwar da Na Zuba wa Kifin Hajiya

Akwai abu ɗaya da nake fatan da ban yi ba, ko da wasu za su ga ƙanƙantarsa: na kashe kifin matata da hannuna.

A shekarun da aka fara rushe gidajen unguwar Koulouba ne, muna zaune a Zongo, ina sayar da atamfa. Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki, ko tsakar gida ba ta iya fita. 'Yarmu, wadda ke yi wa wata Baturiya aikin gida, ta kawo mata ɗan akwatin gilashi da jajayen kifi biyar, waɗanda uwar ɗakinta ta bar mata da za ta koma ƙasarsu. Muka ɗora shi a kan tebur kusa da gadon Hajiya. Tun daga ranar ta samu abin kallo. Ta san kowannensu, ta fi son wani mai yagaggiyar jela.

Ni na kawo matsalar. Na je baraji, madatsar ruwan garin, na tsinko ciyawar ruwa don akwatin ya yi kyau, ban san akwai ƙwan dodon koɗi a jikinta ba. Kuma a gidanmu ba a barin mai rai da yunwa, duk wanda ya ci tuwo sai ya marmasa wa kifi. Abin da kifin suka bari, dodon koɗi ke cinyewa. Cikin wata biyu sun rufe gilashin, da ƙyar Hajiya ke hango kifinta.

Ta ce, "Alhaji, a rage musu tuwon nan, ba baƙinka na Kano ba ne. Ka sa ganyen salak a ciki, in dodon koɗin sun taru a kai ka ɗauke. Haka yarinyar nan ta ce madam ɗinta ke yi."

Na ce, "Ni da gemuna in zauna ina tsintar dodon koɗi, sai ka ce mai gyaran wake?"

"Ai waken ma ba ka iya gyarawa ba," ta ce, tana dariya da rabin bakinta.

Kwana uku na yi ina sa ganyen, na ga kamar ba sa raguwa. Sai na tuna in damina ta kawo mana su banɗaki, kanwa muke barbaɗa musu su mutu. Ban tambayi kowa ba. Ranar Juma'a, da na dawo daga masallaci na tarar tana barci, na daka kanwa, na jiƙa, na zuba. Na ga suna sakin gilashin suna faɗawa ƙasa, har na ji daɗi. Kafin la'asar duk kifin biyar sun taso saman ruwa, ciki a sama.

Da ta farka, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Har da mai jelar?" Na ce har da shi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in juya ta wajen bango.

Na sayo wasu kifin, ta ce a fitar da akwatin. Na nemi gafararta ta yafe, amma watannin da suka rage mata, bango ta riƙa kallo.

Duk mai irin wannan akwati, ina roƙonsa don Allah: ya wanke ciyawa kafin ya sa, ya rage abinci, ya yi haƙuri da ganye ko zai ɗauki wata guda. Kada ya zuba komai a ruwan da bai tambaya ba, musamman in akwai wanda ba shi da abin kallo sai shi.