Makon da Ɗantani Bai Gaida Kowa Ba

Duk wanda ya sa hula a Wudil a shekarun da kuɗin man fetur suka fara zubowa ya san Ɗantani. Wankin hula ce sana'arsa, a wata rumfar kara da ke bayan tasha. Ya gaje ta ne daga kawunsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya koya masa yadda ake sa sabulu da sitati ba tare da an kashe zaren ba. Mutum ne gajere mai faɗin goshi, ba ya faɗa, ba ya gulma, matarsa ɗaya, Yelwa, da 'ya'ya mata da duk suka ɗauko goshin. Aibinsa ɗaya ne, in har aibi ne: gaisuwa. Kowa yana gaisuwa, amma ta Ɗantani ta fita daban. In ya tare ka sai ya tambaye ka gida, da yara, da gajiya, da tsohuwarka, da ƙafar tsohuwarka, da akuyar da ka sayar bara, ko ta saba da sabon gidan. Akwai mutanen kirki a garin nan da in suna sauri sai su zagaya ta bayan kara, wato kasuwar shanu, su taka kashin shanu da ransu, don kada su bi ta gaban rumfarsa.

To, akwai wani direba, Ya'u, mai a-kori-kura, da ke jigilar mutane da buhuna tsakanin Wudil da ƙauyukan Achika, Indabo da Ɗankaza. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya rikita kowa, wansa da ke aiki a Kano ya sayo masa rakoda, irin mai ɗaukar magana. Wata rana a Achika wani tsoho, Malam Hashimu, ya roƙe shi ya ɗauki muryarsa ya ji yadda take. Da Ya'u ya danna, tsohon ya rasa abin faɗa, sai ya yi tambaya: wai in akuya ta ci gonar mutum, ta san ta yi laifi? Ya'u ya kunna wa mutanen Indabo don a yi dariya. Maimakon dariya, wani tela mai suna Ƙasimu ya aje almakashi ya ce a danna masa, yana da amsa.

Daga nan majalisar kaset ta kafu. Mutane ne da yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, murya kawai suka sani. Kowane mako kaset yana farawa daga Malam Hashimu a Achika, ya bi Indabo, ya bi Ɗankaza, ya ƙare a Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa. Mako na gaba Ya'u ya kunna wa kowa abin da aka faɗa, sannan a ɗauki sabo. An tattauna ko wanda ya yi sata a mafarki zai nemi gafarar mai kaya in ya farka. An tattauna ko wanda ya yi niyyar kyauta ya manta ya fi wanda ya bayar yana ƙunƙuni. Ba a taɓa cimma matsaya a kan komai ba, kuma babu wanda ya damu.

Ɗantani ya shiga ne saboda a gaban rumfarsa Ya'u yake aje mota. Shi ne na ƙarshe a layi, wutsiyar kaset ita ce rabonsa. Da farko abin bai dame shi ba, don ba shi da ra'ayi a kan akuya. Zai gaida kowa, kaset ya ƙare, ya koma kan hulunansa da farin ciki.

Sai Malam Hashimu ya jefo babbar tambaya: ina hankalin mutum yake zaune? Ya ce ba ya nufin abin da malamai suka riga suka yi bayani, yana nufin hankalin zaman duniya, wanda ke hana mutum faɗar abin da zai yi da-na-sani. Ƙasimu ya ce a kai yake, shi ya sa ake dafe kai in an manta abu. Mutanen Ɗankaza suka ce a ƙirji yake, don nan ne yake bugawa in za ka yi ƙarya. Aka ja daga.

Ɗantani yana tsaka da goge wata hula zanna da burushi amsar ta faɗo masa, har burushin ya suɓuce. Hankali a ciki yake. A tumbi. Shekara da shekaru yana lura: wanda ya zo karɓar hula da hantsi, bai karya ba, shi ne mai cewa an ɓata masa zare, an canja masa hula, sai an je gaban alƙali. Mutumin nan dai, in ya dawo bayan ya ci tuwo, sai ka ji yana cewa ai ba komai, hula ce, Allah ya bar zumunci. Kansa bai canja ba, ƙirjinsa bai canja ba, to me ya canja? Tunda uwarsa ta haife shi Ɗantani bai taɓa samun tunani nasa na kansa ba sai wannan. Ba ya son komai a duniya sai Malam Hashimu ya ji shi, ya ce wani abu a kai, ko da zagi ne.

Juma'a ta zo, Ya'u ya danna. Ɗantani ya gyara murya ya yi sallama. Ya gaida Malam Hashimu, ya tambayi kwanansa, da tarin da aka ji yana yi a kaset ɗin da ya wuce. Ya gaida Ƙasimu da keken ɗinkinsa. Ya yi wa wani mutumin Ɗankaza barka da haihuwa, ya yi wa wani jajen jakin da ya ɓata. Ya ce, "To, game da maganar hankali kuwa," sai rakoda ta ce ƙas.

Haka aka yi mako na biyu. A na uku ya kai har "ni a ganina" kafin ta ce ƙas, ya koma gida yana murna wai an samu ci gaba.

"Ɗantani, batir fa ba a kogi nake kamo shi ba," in ji Ya'u. "Ka rage gaisuwar nan."

Ya gwada ragewa. Ya cire jajen jakin. Amma da ya zo wurin sai ya ji kamar ya wuce makaho a bakin titi bai kama masa sanda ba, ya koma ya sa jakin, har ya ƙara da ba da haƙuri a kan cire shi da ya yi niyyar yi.

Ana cikin haka rigima ta yi tsami. Ƙasimu ya ce wa mutanen Ɗankaza, cikin ladabi, ai dole su ce hankali a ƙirji yake tunda sun duba kansu ba su same shi ba. Malam Hashimu ya ce to ya isa, mako mai zuwa za a rufe wannan magana, ba za a sake tayar da ita ba. Juma'a ɗaya ta rage wa Ɗantani ke nan. Ya koma gida ya zauna a gaban kwanon tuwo ya kasa ci, shi da ya san inda hankali yake.

Yelwa ta dube shi ta ce, "Malam, ka faɗi maganarka kawai mana. Kada ka gaida kowa."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Ranar da ka zo neman aurena ma sai da Baba ya yi gyangyaɗi ya farka kana kan tambayar lafiyar kaji. Da ban leƙo na yi tari ba, da har yau kana zaure."

Ya kwana biyu yana fushi da ita, sannan ya fara gwaji. Zai jera huluna a kan itatuwan da ake ɗora su su bushe, ya tsaya a gabansu, ya buɗe baki ya ce, "Hankali a ciki yake." Wallahi ko hulunan sai ya ji nauyinsu. Sau da yawa yakan waiga ya ga babu kowa, ya ce musu sannunku a hankali, sannan ya ci gaba.

Ranar Juma'a, kasuwa ta cika, shanu suna kuka a kara. Ya'u ya danna. Ɗantani ya runtse ido, zufa tana bin goshin nan, ya ce, "Hankali a ciki yake," ba sallama, ba komai. Ya kawo hujjar mai karɓar hula da hantsi. Ya kawo ta yaran da ke dambe kafin a sauke tukunya. Ya gama tsaf, ya buɗe ido, kaset yana ta juyawa. Abin da ba a taɓa gani ba, wutsiya ta yi saura. Ya'u ya bar ta ta ɗauki kukan shanu har ta ƙare, don shi ma ya rasa yadda zai yi.

Makon nan Ɗantani ya yi shi kamar mai jiran haihuwa. Da kaset ya dawo ya rufe rumfa, ya zauna a kan benci, ya ce a kunna.

Ƙasimu ne ya fara. Ya ce shi dai bai san abin da ya yi wa mutumin Wudil ba, amma in keken ɗinkinsa ne ya yi laifi a faɗa masa. Wani daga Ɗankaza ya ce wannan ba muryar mai lafiya ba ce, a binciki ko ya yi wanka a kogi da tsakar rana. Mai jakin ya ce an ga jakin, amma tunda ba a tambaya ba, ba zai faɗi inda aka gan shi ba. Daga nan suka shiga muhawara mai zafi a kan ko wanda ya daina gaisuwa yana da laifi, ko kuwa abin tausayi ne kamar akuya. Ba su taɓa yin muhawara mai daɗin wannan ba. Babu mutum ɗaya da ya ambaci ciki.

"Ina Malam Hashimu?" in ji Ɗantani. "Ai shi ke farawa."

Ya'u ya sosa ƙeya. "Na kunna masa, ya saurara har kukan shanun. Na ce in danna, ya ce a'a, in wuce."

Ɗantani ya dafe goshi. Ya yi rashin kunyar da bai taɓa yi ba, a gaban ƙauyuka uku, kuma wanda aka yi domin shi ya ƙi cewa uffan. Ranar Litinin ya sa rigarsa ta salla, ya zaɓi hula, ya hau bayan a-kori-kura tsakanin buhunan gishiri.

Shi a zatonsa Malam Hashimu babban mutum ne mai jama'a a ƙofar gida. Abin da ya tarar wani ɗan tsamurmurin tsoho ne a zaure, shi kaɗai a kan buzu, idanunsa sun yi fari. Gidan babba ne, amma shiru. 'Ya'yan duk sun tafi Kano da Legas neman kuɗin da ake ta labari, sai wata jikanya da ke kawo abinci ta koma gidan mijinta.

Ɗantani ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Bai yi shawara da kowa ba bakinsa ya kama aikinsa. Ya tambayi kwana, da tari, da ido, da gwiwa, da 'ya'yan da ke Legas ɗaya bayan ɗaya, da rumbun da ya gani a waje ya karkace. Tsohon yana amsawa, lafiya lau, alhamdu lillahi, da sauƙi, bai katse shi ko sau ɗaya ba. Ya'u ya yi ta danna odar mota a waje har ya gaji.

"Kai ne Ɗantani," in ji tsohon, bayan an kai ƙarshe. "Ɗana, ni ba fushi na yi ba. Duk majalisar nan amsa suke ba ni. Kai kaɗai kake tambayata yadda na kwana. Nakan sa Ya'u ya maimaita mini wurin. Makon jiya na jira har shanu suka yi kuka suka gama, sai na ji ba ni da abin faɗa."

Ɗantani ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, da tausayi, har ya ji ƙwalla. Amma ɗan Adam ɗan Adam ne, kuma bai sha ƙurar hanya a banza ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to maganar cikin fa? An ji ta kuwa?"

"Na ji ta sarai. Na kwana uku ina juya ta."

"To?"

"Ba ka yi daidai ba. Yau shekara nawa ƙasar nan tana cin shinkafar gwamnati da kajin kanti? Kowa ya ƙoshi. Da hankali a ciki yake, ai da yanzu ya ishe mu har mun sayar wa maƙwabta. Kai da kake bakin tasha, ka ga alama?"

Ɗantani ya gyaɗa kai. An ɗauki tunaninsa, an kwana uku da shi, an kayar da shi ƙasa warwas, kuma bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba. Ya gyara zama a kan tabarma, ya cire hula ya aje a gwiwa, ya leƙa waje.

"Ya'u, je ka Indabo," ya ce. "In ka dawo ka biyo ta nan."