Dattijon da Aka Naɗi Muryarsa

A ofishin wani kamfanin taki da ke Tsanyawa, Bara'atu tana jiran buhunta, idonta na kan wani dattijo da ke zaune gaban sabuwar wayar tebur mai aiki da intanet. Hularsa ta koɗe. Da gani ya daɗe yana amsa kiran manoma a kujerar nan.

"Baba, sake faɗa a hankali," in ji injiniyan da ke saita wayar.

Dattijon ya gyara murya. "Barka da kira. Domin sayen taki, danna ɗaya."

"Yauwa, ta naɗa. Daga gobe ita za ta riƙa amsawa."

"Ni kuma fa?"

"Sai dai ka tambayi manya a Kano."

Dattijon ya janye hannunsa daga teburin, ya ɗora a cinya.