Yayata a Bakin Tagar Aji

Yayata tela ce, kuma ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. In ka kawo mata yadi sai ta auna shi a gabanka, ta sa ka faɗi tsawonsa da bakinka, don kada gobe ka ce ta gutsura. In ka gaishe ta da fara'a sai ta ce akwai abin da kake nema. Ni ƙanwarta ce, shagona na kayan kwalliya manne yake da nata, amma har yau in na ari almakashinta sai ta duba bakinsa kafin ta ajiye.

Ita ta ɗauki 'yar ƙanenmu bayan rasuwarsa, don uwar ta riga shi. Ƙarama muke ce wa yarinyar. Ta zo gidan kamar an ɗinke mata baki, daga "to" sai "a'a", ba ƙawa ba dariya. A haka ta shiga sakandare, har aka sa ta a ƙungiyar wasan kwaikwayo, masu tsayawa duk Laraba bayan an tashi. Ba a daɗe ba muka fara jin waƙa daga bayan gida in tana wanki. Yara kan rako ta har bakin shago, maza da mata, su gaishe mu su wuce. Ni dai daɗi ya kashe ni.

Yaya kuwa sai ta tsuke fuska. "Yarinyar da ba ta magana ta koma rediyo," in ji ta. "Wa ya kunna ta? Shi nake son sani."

Ta zazzage jakar makaranta, ta shinshina kayan makaranta, ta tsare ɗaya daga cikin yaran da tambaya har ya daina biyowa ta layinmu. Ba ta sami komai ba, kuma a wajen Yaya rashin samun komai shi ne babbar shaida. Sai kuma wata Laraba ta nemi tsohon tabaronta da tef ɗin awo ta rasa. Ta rufe keken ɗinki, ta yafa mayafi.

"Yau zan cire ta, a gaban malamar tasu."

"Haba Yaya, nan kaɗai fa take buɗe baki."

"Shi ya sa."

Na bi ta ne don kada a yi abin kunya. Mai gadi ya nuna mana aji na ƙarshe. Yaya ba ta shiga ba, ta raɓe a jikin taga, ni ma na raɓe, mu biyu da furfurarmu kamar ɓarayin kaji. An ture bencina jikin bango, yara na zaune a ƙasa sun yi da'ira. Ashe tsarinsu shi ne kowa ya kawo mutum ɗaya na gidansu ya zama shi, sauran su yi ta yi masa tambaya, ya amsa da bakin mutumin. Wani dogon yaro ya gama zama babansa direba, aka tafa. Malamar ta kira Ƙarama.

Ta fito da tabarau a kan hanci, tef a wuya, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ta kalli malamar ta saman gilashi ta ce, "Wannan murmushin naki, me kike nema?" Ajin ya kece da dariya. Ni ma sai da na toshe baki, don wallahi ko Yaya ba ta kai ta zama Yaya ba. Na saci kallon yayata, na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Na ce a raina shi ke nan, ƙungiya ta ƙare.

Yara suka shiga tambaya. Gwaggo, nawa ne ɗinkin riga? Gwaggo, kina dariya kuwa? Tana ba su amsa suna faɗuwa don dariya. Can wata 'yar siririya ta ɗaga hannu.

"Gwaggo, me ya sa ba kya yarda da kowa?"

Ƙarama ta cire tabaron ta goge da bakin riga, yadda Yaya ke yi in magana ta yi mata nauyi. Sannan ta ce, da muryar Yaya sak, "Ƙanena ya ce min ciwon ba komai ba ne. Na yarda, na koma kan keke."

Ba wanda ya yi dariya. Yarinyar da ta yi tambayar ta tashi ta riƙe mata hannu, wasu biyu suka matso suka zauna kusa da ita. Ko da na juya, Yaya ta kai tsakiyar fili.

Sai a bakin titi na cim mata. Ba ta kalle ni ba.

"Ke kika gaya mata."

"Ni? Yau na fara jin wannan maganar, Yaya."

"To wa? Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wa ya gaya mata?"

Tana ta lissafo mutane, maƙwabciya, matar kawu, har likitan da ya duba ƙanenmu. Na bar ta ta gama. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni.

"Ba wanda ya gaya mata," na ce. "Tana ɗakin ubanta lokacin da yake kwance. Kuma kullum tana gidan tana kallonki."

Muka koma shago. Da yamma yaran suka rako Ƙarama, suka tsaya nesa kamar yadda suka koya. Yaya ta leƙo, ta ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya, har da takalmansu.

"Ke siririyar," ta ce, "gidan wa kike?"

Yarinyar ta faɗa.

"To. Ran Laraba in kun tashi, ke za ki riƙa kawo min ita har ciki."